AMR: Kamfanin Da Ya Shiga Kotun Fatara Da Dala Biliyan 4 A Aljihu, Ya Fito A Hannun Wanda Bai Kai Shi Girma Ba

Ranar 29 ga Nuwamba, 2011, kamfanin AMR, uwar kamfanin jiragen sama na American Airlines, ya shigar da takardun neman kariya daga masu bin sa bashi a wata kotun tarayya da ke New York. Ba don aljihunsa ya bushe ba ne, domin a ranar yana da tsabar kuɗi sama da dala biliyan 4. Shugabanninsa sun shiga kotu ne da niyyar rage nauyin albashi da fansho da bashi, su fito su ci gaba da jan ragamar kamfanin su kaɗai. Shekara biyu da kwana goma bayan haka, sunan AMR ya gushe, kuma waɗanda suka hau kujerun shugabanci mutanen US Airways ne, kamfanin da bai kai American girma ba ko kusa. Wanda ke son gane yadda haka ta faru sai ya koma baya zuwa watan Afrilun 2003, domin a can aka shuka abin da aka girba a 2012.

Me ya sa aka kafa uwar kamfani

American Airlines tsohon kamfani ne. Tushensa ya kai 1926, lokacin da Charles Lindbergh yake jigilar wasiƙu tsakanin St. Louis da Chicago a jirgin kamfanin Robertson, ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin da aka dunƙule daga baya. A 1934 ya ɗauki sunan da yake da shi yanzu, ƙarƙashin C. R. Smith. Har zuwa 1978 gwamnatin Amurka ce ke yanke wa kowane kamfani hanyar da zai bi da kuɗin da zai caji fasinja. Da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar sakin mara ga harkar a watan Oktoban shekarar, sai kasuwa ta buɗe, kowa ya kama gabansa.

A 1979 American ya kwashe hedikwatarsa daga New York zuwa yankin Dallas da Fort Worth a jihar Texas, a 1982 kuma aka kafa AMR a matsayin uwa. Uwar kamfani ba ta tuƙa jirgi, ba ta sayar da tikiti. Ita ke riƙe da hannayen jarin 'ya'yanta, ita ake saya a kasuwar hannun jari, kuma tana iya cin bashi ko buɗe wata sana'a ba tare da ta cusa ta cikin lasisin kamfanin jiragen ba. Da wannan tsari AMR ya tara American Airlines, da American Eagle mai ƙananan jirage wanda aka fara a 1984 (ma'aikatansa da yarjejeniyar albashinsu daban, kuma sun fi arha), da Sabre, na'urar ajiye gurbin tafiya da aka gina tare da IBM wadda ta zama sana'a mai zaman kanta kafin a sallame ta ga masu hannun jari a shekarar 2000.

Zamanin Robert Crandall, wanda ya riƙe kamfanin daga 1985 zuwa 1998, shi ne zamanin bunƙasa. A 1981, yana shugaban gudanarwa na biyu, aka ƙirƙiro AAdvantage, tsarin tara maki ga fasinjan da ke yawan tafiya. Aka sayi AirCal, aka sayi hanyoyin kamfanin Eastern zuwa ƙasashen Kudancin Amurka wanda ya mayar da Miami babbar matattara, aka sayi hanyoyin TWA zuwa filin Heathrow na Landan. Amma shi ne kuma zamanin da gaba ta yi kauri tsakanin ofis da ma'aikata. A 1983 aka fito da albashi hawa biyu, sabon ma'aikaci ya yi aiki ɗaya da tsoho a biya shi ƙasa. Masu hidima a cikin jirgi sun yi yajin aiki a Nuwamban 1993, matuƙa sun fara nasu a 1997 Shugaba Clinton ya tsayar da shi cikin mintoci, a 1999 kuma, bayan saukar Crandall, rikicin sayen kamfanin Reno Air ya sa matuƙa da yawa suka ce ba su da lafiya, alƙali ya ci ƙungiyarsu tarar kusan dala miliyan 45.

Afrilun 2003

A Afrilun 2001 AMR ya kammala sayen TWA, da jiragensa da ma'aikatansa da matattararsa ta St. Louis. Wata biyar bayan nan aka kai harin 11 ga Satumba, biyu daga cikin jirage huɗun da aka sace na American ne. A watan Nuwamba wani jirginsa ya faɗi a unguwar Queens ta New York. Asarar 2002 kaɗai ta kai dala biliyan 3.5.

Shugaban kamfanin na lokacin, Donald Carty, ya je wa ƙungiyoyin ƙwadago uku da magana ɗaya: ko a rage kuɗin ma'aikata da dala biliyan 1.8 a kowace shekara, ko a tafi kotun fatara. Ƙungiyoyin su ne APA ta matuƙa, da APFA ta masu hidima a jirgi, da TWU ta kanikawa da masu lodin kaya. Aka kai ruwa rana, aka kaɗa ƙuri'a, ma'aikata suka haɗiye. Mutum ya yarda a zabge masa albashi, a ƙara masa awannin aiki, a rage masa hutu, don kada kamfanin da ya ba wa ƙuruciyarsa ya rushe.

Tawada ba ta bushe ba sai ga rahoton shekara da kamfanin ya miƙa wa hukumar kula da kasuwar hannun jari, wanda aka jinkirta fitar da shi har zuwa lokacin da ake rufe ƙuri'a. A ciki aka ga an tanadar wa wasu ƙalilan daga manyan jami'ai garaɓasar kuɗi don kada su bar aiki, an kuma zuba kuɗi a wani asusu na musamman da zai kare fanshon manyan jami'ai 45 ko da kamfanin ya karye. Ba a karya doka ba, kuma kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka auna su da biliyan 1.8. Amma ma'aikaci ba lissafi ya duba ba. Ya ga an ce masa kowa zai ɗaure ciki, ashe wasu sun tanadi tasu tukunyar a ɗaka. Carty ya nemi afuwa, ya sauka ranar 24 ga Afrilu, Gerard Arpey ya gaje shi. Yarjejeniyar ta tsaya, kamfanin ya tsira daga kotu, amma amana ta riga ta zube.

Shekara takwas ana jan kaya

Arpey mutum ne da ya ɗauki zuwa kotun fatara a matsayin saɓa alkawari ga ma'aikata da masu bin bashi da masu hannun jari, kuma ya tsaya a kan haka har ranar da ya ajiye aiki. Matsayi ne da ya cancanci a girmama. Matsalar ita ce abokan gasarsa ba su tsaya ba. United ya shiga kotu a Disambar 2002 ya fito a 2006, bayan ya sauke fanshon ma'aikatansa a kan hukumar inshorar fansho ta gwamnati, wato PBGC. US Airways ya shiga sau biyu, 2002 da 2004. Delta da Northwest sun shiga rana ɗaya, 14 ga Satumba, 2005. Kowa ya fito da sabbin yarjejeniyoyin aiki da bashi mara nauyi. Sannan suka shiga haɗewa: Delta da Northwest a 2008, United da Continental a 2010. American da ya kasance na ɗaya ya koma na uku.

Girma a wannan sana'a ba ado ba ne. Manyan kamfanonin da ke tura ma'aikatansu tafiya suna ƙulla kwangila da mai jirgin da ya fi zuwa garuruwa da yawa, kuma su ne ke sayen kujerun gaba masu tsada. American ya jingina da birane biyar, Dallas da Chicago da Miami da New York da Los Angeles, amma a gabashin ƙasar, inda ƙananan garuruwa masu 'yan kasuwa suke, ba shi da ƙafa sosai. Ga kuma tsofaffin jiragen MD-80 masu zuƙar mai, a lokacin da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a Yulin 2008. A Afrilun wannan shekarar an sauke jiragen don duba wayoyin lantarki, aka soke tashi sama da 3,000 cikin 'yan kwanaki. Daga 2001 zuwa 2011, shekara biyu kacal AMR ya ci riba, 2006 da 2007. Kamfanin da kansa yana cewa kuɗin ma'aikatansa ya zarce na abokan gasa da kusan dala miliyan 800 a shekara. Ƙungiyoyi suna cewa mun riga mun bayar a 2003, kuma mun ga inda aka kai.

A Yulin 2011 kamfanin ya yi odar jirage 460, wato 260 daga Airbus da 200 daga Boeing, don sauya tsofaffin. Tattaunawa da matuƙa ta cije. Daga ƙarshen Agustan shekarar matuƙa suka riƙa yin ritaya fiye da yadda aka saba, saboda tsarinsu ya ba su damar karɓar fansho a dunƙule, kuma wanda ya hango kotu ya san wannan dama za ta iya rufewa. Hukumar gudanarwa ta yanke shawarar zuwa kotu, Arpey ya yi ritaya, Tom Horton ya hau.

Yadda kotun take aiki, da inda ƙofa ta buɗe

Babi na 11 na dokar fatara ta Amurka ba rufe kamfani ba ne. Da zarar an shigar da takarda, duk mai bin bashi sai ya dakata, jirage na ci gaba da tashi, shugabanni na nan a kujerunsu. Kamfanin jirage yana da kwana 60 ya zaɓi jiragen haya ko na jingina da zai ci gaba da biya, sauran ya mayar ko ya nemi a rage masa kuɗi. Sashe na 1113 ya ba shi damar roƙon alƙali ya soke yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago, da sharaɗin ya nuna ya gabatar da tayi, ya ba da bayanan kuɗi, ya tattauna da zuciya ɗaya, kuma canjin ya zama dole. Sannan shugabanni su kaɗai ke da ikon gabatar da shirin fita na tsawon kwana 120, alƙali na iya ƙarawa har zuwa wata 18. Wannan ne katangar da Horton ya dogara da ita: babu wani na waje da zai shigo da nasa shirin.

Amma akwai kwamitin masu bin bashin da ba su riƙe da jingina, wanda ba a fita sai da yardarsa a aikace. Na AMR kujera tara ne. Uku na ƙungiyoyin ƙwadago, ɗaya ta PBGC, sai Boeing da Hewlett-Packard, sai bankuna uku masu wakiltar masu takardun lamuni. Wato kashi ɗaya bisa uku na kwamitin mutanen da aka ɓata wa rai a 2003 ne.

Ranar 1 ga Fabrairu, 2012, Horton ya bayyana shirinsa: a sallami ma'aikata 13,000, a rage kuɗin ma'aikata da dala biliyan 1.25 a shekara, a soke tsare-tsaren fansho. PBGC ta yi tsaye a kan batun fansho, domin ita za ta gaji ramin, kuma ta ga kamfani mai biliyan 4 a hannu. Daga ƙarshe aka koma daskarar da fanshon maimakon soke shi: abin da ma'aikaci ya tara yana nan, amma ba ya ƙaruwa. A ƙarshen Maris kamfanin ya nemi alƙali Sean Lane ya soke yarjejeniyoyin ƙungiyoyin.

A nan Doug Parker ya shigo. Shi ne shugaban ƙaramin kamfanin America West da ya haɗiye US Airways a 2005 ya riƙe sunan. A 2006 ya yi yunƙurin sayen Delta yana cikin kotu, ma'aikatan Delta suka tsaya bayan shugabanninsu, masu bin bashi suka juya masa baya. Ya koyi darasi. A wannan karon bai fara da ofishin Horton ba, bai fara da bankuna ba, sai ya tafi wurin ƙungiyoyin. Ranar 20 ga Afrilu, 2012, dukkan ukun suka sanar cewa sun cimma matsaya da US Airways kan sharuɗɗan aikin da za su bi idan an haɗe, da alkawarin ceto kusan rabin ayyukan da Horton zai zabge. Ma'aikatan kamfani sun ƙulla yarjejeniya da abokin gasar da bai ma gabatar da tayin saye ba tukuna. Abu ne da ba a saba gani ba, kuma ya nuna zurfin ɓarakar.

Horton ya ci gaba da cewa a bari a fita tukuna, a yi maganar haɗewa daga baya. Hujjarsa tana da ƙarfi: kamfanin da ya fito da ƙafarsa zai yi ciniki daga sama. Amma kwamitin ya tilasta a auna shirin nasa da na haɗewa gefe da gefe. A Agusta matuƙa suka yi fatali da tayin ƙarshe na kamfanin, a farkon Satumba alƙali ya ba da izinin soke yarjejeniyarsu. Abin da ya biyo baya fasinjoji ne suka ɗanɗana. Matuƙi yana da ikon rubuta duk wani lahani da ya gani a jirgi, komai ƙanƙantarsa, kuma jirgi ba ya tashi sai kanikawa sun duba sun sa hannu. Rubuce-rubucen suka yawaita, jinkiri da soke tashi suka yi yawa. Kamfani ya ce da gangan ne, ƙungiya ta ce ba ta umarci kowa ba. Ana cikin haka aka samu layukan kujeru sun kwance a wasu jiragen Boeing 757. Masu bin bashi suka ga abin da ke jiran kuɗinsu idan aka fita da shugabannin da ma'aikata ba sa yi da su. A Disamba matuƙa suka amince da sabuwar yarjejeniya wadda ta ba su kashi 13.5 cikin 100 na rabon da za a yi wa ɓangaren AMR a sabon kamfani, masu hidima a jirgi kashi 3, TWU kashi 4.8. Daga nan ma'aikata suka zama masu ruwa da tsaki a farashin hannun jarin, kuma lissafi ya nuna haɗewa ta fi tsoka.

Ranar 14 ga Fabrairu, 2013 aka sanar da haɗewar, a kan ƙimar kusan dala biliyan 11. Ɓangaren AMR kashi 72, masu hannun jarin US Airways kashi 28. Suna American, hedikwata Fort Worth, ƙawancen kamfanonin jirage na ƙasa da ƙasa kuma oneworld wanda American ke ciki, amma shugaba Parker, mataimakinsa Scott Kirby. Horton ya zama shugaban hukumar gudanarwa na ɗan lokaci. Alƙali Lane ya ƙi amincewa da sallamar kusan dala miliyan 20 da aka tsara masa a cikin shirin.

Wani abu da ba kasafai yake faruwa ba: an biya masu bin bashi cif har da kuɗin ruwa, kuma tsofaffin masu hannun jarin AMR, waɗanda a al'ada sukan tashi a tutar babu, an ba su aƙalla kashi 3.5, rabonsu ya yi ta ƙaruwa yayin da farashi ke hawa. Hannun jarin da ya faɗo ƙasa da rabin dala a ranar shiga kotu ya koma abin arziki ga wanda ya riƙe.

Ma'aikatar Shari'a ta tare hanya

Ranar 13 ga Agusta, 2013, Ma'aikatar Shari'a tare da wasu jihohi ta kai ƙara don hana haɗewar. Kamfanonin suna cewa hanyoyi 12 kawai suke karo a tashin kai tsaye. Gwamnati ta ce ba nan take kallo ba, tana kallon tafiya mai yada zango: fiye da hanyoyi 1,000 inda US Airways ke karya farashi ta Charlotte ko Philadelphia ko Phoenix don janye fasinja daga masu tashi kai tsaye, kuma wannan rahusa za ta mutu. Ta kuma nuna cewa sabon kamfanin zai riƙe kashi 69 cikin 100 na guraben tashi da sauka a filin Reagan na Washington, inda gurbi ƙayyadadde ne.

Kafin ranar shari'a aka sasanta, 12 ga Nuwamba. Kamfanin ya saki gurabe 104 a Reagan, 34 a LaGuardia na New York, da ƙofofin shiga jirgi biyu-biyu a Boston da Chicago da Los Angeles da Miami da filin Love na Dallas. Southwest da JetBlue da Virgin America suka kwashe guraben. Sasancin ya taimaki fasinjan manyan birane, amma bai taɓa ainihin ƙorafin ba, wato ɗan ƙaramin gari mai yada zango, kuma ƙasar ta wayi gari kamfanoni huɗu na riƙe da mafi yawan kasuwar cikin gida. Ranar 9 ga Disamba, 2013 aka kammala, American Airlines Group ya maye gurbin AMR.

Ɗinke kamfani biyu

Sa hannu a takarda shi ne mai sauƙi. Sai da aka haɗa littattafan horo da na gyaran jirgi kafin hukumar sufurin sama ta ba da lasisi ɗaya ranar 8 ga Afrilu, 2015. Wuri mafi haɗari shi ne na'urar ajiye gurbi. US Airways ya sha wuya a 2007, United ya sha a Maris 2012, duk saboda kwashe miliyoyin tikiti daga wata na'ura zuwa wata a dare ɗaya. A nan aka bi wata dabara. Wata uku kafin ranar sauyi, duk tikitin tafiyar da za ta faɗo bayan ranar aka riƙa sayar da shi a Sabre da sunan American, tsohuwar na'urar ta riƙa tsiyayewa da kanta yayin da fasinjojinta ke tafiya. Da dare ya zo, kaɗan ne suka rage a kwashe. Jirgin ƙarshe mai sunan US Airways, mai lamba 1939, shekarar da tushen kamfanin ya fara aiki, ya tashi daga San Francisco daren 16 ga Oktoba, 2015 ya sauka Philadelphia da safe.

Jerin daɗewa a aiki ya fi na'ura wuya, domin shi ne rayuwar matuƙi: wane jirgi zai tuƙa, yaushe zai zama kyaftin, ko zai yi hutun ƙarshen shekara a gida, da wanda za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. American yana da tabo a nan. Bayan sayen TWA an jera masu hidimar jiragen TWA a ƙasan jeri, aka sallame su gaba ɗaya da abubuwa suka taɓarɓare, abin da ya jawo dokar McCaskill da Bond ta 2007 mai wajabta haɗa jeri bisa adalci ko a je gaban masu sulhu. US Airways kuma ya zo da nasa ciwon, domin matuƙansa na gabas da na America West ba su taɓa yarda da jeri ɗaya ba tun 2007. Sai a Satumban 2016 masu sulhu suka fitar da jeri ɗaya ga ɓangarorin uku.

Shekarun farko an ci riba mai yawa, man jirgi ya yi arha, kamfanin kuma ba ya sayen inshorar farashin mai. Aka sayi sababbin jirage da bashi, aka kashe kusan dala biliyan 12 wajen sake sayen hannun jarin kamfanin daga kasuwa, har Parker ya faɗa wa masu zuba jari a 2017 cewa ba ya jin za su sake yin asara. Wannan zaɓi ne da ya bar kamfanin da bashi fiye da na Delta da United lokacin da annobar korona ta zo. A 2020 asarar ta kai dala biliyan 8.9, aka dogara da tallafin albashi daga gwamnati. A Maris 2021, da ake neman abin jinginarwa don cin bashin dala biliyan 10, ba jirage aka kai ba, AAdvantage aka kai, saboda bankunan da ke sayen maki don katunan bashinsu suna biya ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba. Parker ya miƙa wa Robert Isom, wanda shi ma daga ɓangaren US Airways ya fito, ranar 31 ga Maris, 2022, da bashin da ya haura dala biliyan 50 a ƙololuwarsa da alkawarin rage biliyan 15 daga ciki kafin ƙarshen 2025.